Karatun Gida a Amurka: Yadda Iyaye Kiristoci Suka Mayar da Falo Aji, da Gardamar da Ta Biyo Baya

A watan Mayun 2025 gwamnan jihar Texas, Greg Abbott, ya sa hannu a kan dokar da ta ware dala biliyan 1 domin tallafa wa iyalan da ba sa son kai 'ya'yansu makarantar gwamnati. Akwai kason masu koyar da yara a gida a cikin kuɗin, har dala 2,000 ga kowane yaro a shekara. A ƙarshen watan Yuni kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Mahmoud da Taylor, inda ta goyi bayan wasu iyaye na gundumar Montgomery a jihar Maryland, cikinsu akwai Musulmi da Katolika da 'yan Otodoks, waɗanda suka nemi a bar su su fitar da 'ya'yansu daga aji duk lokacin da za a karanta littattafan labari masu ɗauke da batun auren jinsi. A Faransa kuwa akasin haka ake yi: tun watan Satumban 2022 ba wanda zai koyar da ɗansa a gida sai ya nemi izinin hukuma.

Mai bin waɗannan labarai daga nesa yana iya rikicewa. Yaya ƙasar da ta wajabta karatun boko za ta riƙa ba iyaye kuɗi don su bar yara a gida? Me ya sa kuma sunan Kiristoci ke fitowa duk lokacin da aka taɓo maganar?

Me ake nufi da karatun gida

Ba lesin ba ne, wanda malami ke zuwa yi wa yaro da yamma bayan an taso daga makaranta. Ba kuma irin karatun intanet da makarantu suka koma yi a lokacin korona ba ne, domin a can sunan yaro yana cikin rajista, malaman makarantar ne ke ba shi aiki su duba. A karatun gida yaro ba shi da aji a wata makaranta kwata-kwata. Iyaye ne ke zaɓen manhaja, su tsara lokaci, su koyar, sau da yawa kuma su ne ke ba da maki da takardar kammala sakandare.

Akwai wani bambanci na doka da ke warware rabin rikicewar. Wasu ƙasashe ilimi suka wajabta, wasu kuma zuwa makaranta suka wajabta. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya sami ilimin da ya dace da shekarunsa, ko ta hanyar zuwa makaranta ko ta wata hanya dabam. Jamus kuwa ginin makarantar take nufi: yaro ya je, ya zauna a aji tare da sauran yara. Jihohin Amurka 50 duka sun halatta karatun gida, amma kowace da nata sharuɗɗan.

Yadda aka faro

Jihar Massachusetts ce ta fara wajabta zuwa makaranta a 1852, Mississippi ta zo ta ƙarshe a 1918. Tun ba a je ko'ina ba aka fara jayayya kan iyakar ikon gwamnati. A 1925 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Oregon da ta so tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, a ƙarar da wasu sistocin Katolika suka shigar. A wannan hukunci ne kotun ta ce yaro ba kayan gwamnati ba ne kawai, maganar da masu karatun gida ke yawan jawowa har yau.

Amma abin da ya fi girgiza Kiristoci masu ra'ayin riƙau ya zo ne daga baya. A 1962 kotun ta hana makarantun gwamnati jagorantar addu'a, a 1963 ta hana karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada a aji, a 1968 kuma ta soke dokar Arkansas da ta haramta koyar da nazariyyar Darwin kan asalin halitta. Ga iyalai da yawa, makarantar da suke gani kamar ƙanwar majami'a ta zama baƙuwa cikin shekara shida. Da farko majami'u sun buɗe nasu makarantu masu zaman kansu. Ba duka ne addini kaɗai ya haifar ba. A kudancin ƙasar wasu an buɗe su ne don guje wa haɗa yara farare da baƙaƙe a aji ɗaya, abin da ya jawo doguwar takaddama da hukumar haraji.

Abin mamaki, mutumin da ya fara yaɗa karatun gida na zamani ba ɗan majami'a ba ne. John Holt malamin makaranta ne da ya yanke ƙauna daga tsarin aji, yana ganin yara sun fi koyo idan aka bar su su bi sha'awarsu, ya kuma fara fitar da mujalla kan haka a 1977. Waɗanda suka shigar da ra'ayin cikin majami'u su ne Raymond Moore da matarsa Dorothy, 'yan cocin Adventist, masu cewa kai yaro makaranta da wuri yana cutar da shi. Hirarrakin da James Dobson, wani fitaccen Kirista mai ba da shawara kan tarbiyyar iyali, ya yi da Moore a shirinsa na rediyo, wanda miliyoyin Kiristoci ke sauraro, su suka kai maganar gida-gida.

A wancan lokaci abin yana da haɗari. An gurfanar da iyaye a jihohi da dama bisa laifin hana yaro zuwa makaranta. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1972 da ya ba 'yan Amish na Wisconsin, wata ƙungiyar Kirista mai rayuwar gargajiya, damar tsayar da karatun 'ya'yansu bayan aji takwas ya taimaka, sai dai bai rufe kowa ba. A 1983 lauyoyi biyu, Michael Farris da Michael Smith, suka kafa HSLDA, ƙungiyar kare masu karatun gida a shari'a, wadda iyali ke biyan kuɗin shekara ita kuma ta tsaya masa a kotu. Cikin shekara goma, zuwa 1993, ba sauran jihar da ta haramta. A 1994 da wani ɗan majalisar wakilai ya kawo gyaran dokar ilimi da aka fassara da cewa zai wajabta wa iyaye takardar shaidar malanta, kiran waya ya yi wa majalisar yawa har layuka suka cushe, aka cire gyaran. Tun daga ranar 'yan siyasa suke taka-tsantsan da wannan rukuni, wanda ƙarfinsa ya fi yawansa.

Ta ina tasirin iyaye yake shiga

Ƙofa ta farko lokaci ne. Shekarar karatu a Amurka kwana 180 ce ko kusa da haka, fiye da awa 1,000 ke nan a shekara, na tsawon shekara 13 idan aka haɗa da ajin share fage. Iyayen da suka zaɓi karatun gida lissafinsu mai sauƙi ne: awa ɗaya ko biyu na makarantar Lahadi ba za su rinjayi awa talatin na mako ba. Suna kafa hujja da Maimaitawar Shari'a 6:6-7, inda aka umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune a gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi, da Karin Magana 22:6 kan horon yaro tun yana ƙarami, da Afisawa 6:4 da ke ɗora nauyin tarbiyya a kan ubanni. A wurinsu koyarwa reshe ce ta almajirantarwa. Bahaushe zai gane tunanin ba tare da dogon bayani ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙofa ta biyu manhaja ce, kuma nan ne kasuwa ta shigo. Manyan masu buga littattafan sun haɗa da Abeka, wadda ke da alaƙa da Kwalejin Kirista ta Pensacola a Florida, da BJU Press ta Jami'ar Bob Jones a South Carolina, da tsarin ACE da Donald Howard ya kafa a Texas a 1970, inda yaro ke bin ƙananan littattafan aiki shi kaɗai, ya gama ɗaya ya yi gwaji ya wuce na gaba. Waɗannan littattafai ba su keɓe addini a darasi guda ba. Darasin kimiyya yana tafiya ne a kan fahimtar cewa an halicci duniya cikin kwana shida shekaru dubbai kaɗan da suka wuce, darasin tarihi yana bayyana abubuwan da suka faru a matsayin shirin Allah, har jimlolin koyon nahawu sau da yawa daga nassi ake ɗebo su. Akwai wasu manhajojin Kirista da suka fi sassauci, masu dogaro da karatun littattafan adabi ko koyon Latin da mantiƙi. Don haka gida biyu a majami'a ɗaya na iya fitar da yara masu ilimi iri dabam, gwargwadon akwatin littattafan da uwa ta yi oda.

Ta uku ita ce abokan zama. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma iyayen suna so su zaɓi wa ke ɗauke da kanwar. Yawancinsu ba a kulle suke ba. Iyalai kan haɗu sau ɗaya ko biyu a mako, galibi a harabar coci, wata uwa ta koyar da kimiyya, wata ta ɗauki kiɗa, a yi wasanni da muhawara. Florida tun 1996 ta bar yaran gida su buga wa makarantar gwamnati ta unguwarsu wasa. Tambayar da masu suka ke yi ita ce ko yaron yana haɗuwa da wanda bai yarda da abin da iyayensa suka yarda da shi ba.

Ga wani ɓangare na shugabannin tafiyar, burin ya wuce gida. Farris ya kafa Kwalejin Patrick Henry a Virginia a shekarar 2000, musamman don yaran da suka taso a wannan tsari, da niyyar su shiga aikin gwamnati da lauya da jarida.

Kiristoci ma ba bakinsu ɗaya ba

Mafi yawan 'ya'yan Kiristocin Amurka makarantar gwamnati suke zuwa. Akwai fastoci da ke kafa hujja da Matiyu 5:13-16, cewa masu bi gishiri ne da haske, gishirin da aka bari a cikin kwano kuwa ba ya gyara miya. A 2004 babban taron cocin Baptist ta Kudu, wadda ta fi kowace cocin Furotesta yawan mabiya a ƙasar, ya ƙi amincewa da ƙudurin da ya nemi mambobi su janye yara daga makarantun gwamnati. Cocin Katolika kuma, ko da yake tana koyar da cewa iyaye ne malaman farko, ƙarfinta ta zuba shi ne a makarantunta na mishan.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin tarayya ta ƙiyasta yara 850,000 a 1999, wato kashi 1.7 cikin 100 na 'yan makaranta. Zuwa 2012 sun kai kusan miliyan 1.8. Sai korona ta zo. Binciken hukumar ƙidaya ya nuna gidajen da ke karatun gida sun tashi daga kashi 5.4 a farkon annobar zuwa kashi 11.1 a ƙarshen 2020, a gidajen baƙar fata kuma daga kashi 3.3 zuwa 16.1. Da aka buɗe makarantu wasu sun koma, amma adadin bai sauko inda yake a da ba.

Dalilan ma sun sauya. A 2012 kusan biyu cikin uku na iyayen sun ambaci koyar da addini. A binciken da jaridar Washington Post ta yi a 2023, kusan ɗaya cikin uku ne suka ambace shi, yayin da tsoron harbe-harbe a makarantu da cin zalin yara da rashin kula da masu buƙata ta musamman suka hau sama. Hanyar da Kiristoci masu ra'ayin riƙau suka share a kotuna, yanzu Musulmi da Yahudawa da waɗanda ba ruwansu da addini suna binta.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa iyaye ne suka fi kowa sanin yaro da son sa, kuma sashe na 26 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya ba su fifiko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba shi. Suna ƙarawa da cewa babu makarantar da ba ta da aƙida, wadda ta cire addini ma ta ɗauki matsaya ne. Sannan yaro ɗaya da malami ɗaya yana gama cikin awa uku abin da aji mai yara 25 zai yini a kai.

Masu suka sun kasu biyu. Akwai irin su Farfesa Elizabeth Bartholet ta Jami'ar Harvard, wadda a 2020 ta ba da shawarar a ɗauki karatun gida a matsayin haramtacce sai wanda ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Akwai kuma waɗanda ba su nemi a hana ba, sa ido suke nema, kuma da yawansu a gidan suka yi karatu. Wasunsu ne suka kafa CRHE, ƙungiyar kare haƙƙin yaran da ke karatun gida, a 2013. Hujjarsu ita ce yaro yana da haƙƙin kansa da ba na iyayensa ba, kuma malaman makaranta suna cikin waɗanda suka fi kai rahoton cin zarafin yara, don haka yaron da ba malamin da ke ganinsa ya rasa ido ɗaya da zai cece shi. Misalin da aka fi kawowa shi ne na garin Perris a California, inda a Janairun 2018 aka gano 'ya'ya 13 cikin yunwa da azaba a gidan da uban ya yi wa rajista a matsayin makaranta mai zaman kanta, ba jami'in da ya taɓa leƙawa. Masu goyon baya suna amsawa da cewa cin zarafi na faruwa a makarantu ma, kuma ba a hukunta dubbai saboda laifin mutum ɗaya. Ƙudurin tsaurara doka da aka kawo a California bayan lamarin bai wuce ba.

Idan aka tace, gardamar tana komawa kan maganar da Hausawa suka daɗe da sani, wai ɗa na kowa ne. Ɓangare ɗaya yana cewa al'umma tana da haƙƙin ta ga yaron, ɗayan yana cewa idan kowa ya zama gwamnati to maganar ta canza.

Batun ƙwazo kuwa ya fi yadda kowane ɓangare ke faɗa sarƙaƙiya. Binciken da Brian Ray, wani mai goyon bayan karatun gida, ya daɗe yana fitarwa yana nuna yaran gida sun zarce na makaranta a jarrabawa, amma iyalan da ke shiga irin wannan bincike su ne suka kawo kansu, kuma galibi masu ilimi ne da rufin asiri. Malaman jami'a Robert Kunzman da Milton Gaither, waɗanda suka bi ɗaruruwan nazarce-nazarce, sun ga alamar yaran sun ɗan fi ƙarfi a karatu da harshe, sun ɗan yi rauni a lissafi, kuma halin gidan da yaro ya fito ya fi komai tasiri. A jihar da ba a ko rubuta sunan yaro, wanda ya gaza ba ya shiga lissafin kowa.

Doka daga wuri zuwa wuri

A Texas da Idaho da Michigan da wasu jihohi kusan goma, iyaye ba sa buƙatar sanar da kowa. A New York sai an miƙa tsarin karatu na shekara, a kai rahoto sau huɗu, a kuma yi wa yaro gwaji. Pennsylvania tana so wani mai tantancewa ya duba aikin yaro kowace shekara.

Jamus ta tsaya kan haninta, Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai kuma ta mara mata baya a 2006 da 2019, a ƙararrakin da iyalai Kiristoci suka kai, bisa hujjar cewa ƙasa na iya hana a sami al'umma a cikin al'umma. Iyalin Romeike, Kiristoci masu karatun gida, sun bar Jamus zuwa Tennessee a 2008, alƙali ya ba su mafaka a 2010, aka soke daga baya, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙararsu a 2014, duk da haka gwamnati ta bar su suka ci gaba da zama. Dokar Faransa ta Agustan 2021 ta kafa dalilai huɗu na ba da izini: rashin lafiya, wasanni ko fasaha mai cin lokaci, yawan ƙaura ko nisan makaranta, da wani hali na musamman na yaron. Addini ba ya ciki. Tsoron tsattsauran ra'ayin Musulunci gwamnatin Macron ta ambata, amma iyalan Katolika ma dokar ta shafa.

Yadda abin ke taɓa talaka

Karatun gida yana cin albashi ɗaya. Kusan kullum uwa ce ke barin aiki ko ta rage, kuma shekarun da ta yi a gida suna bin ta har fansho. Shi ya sa a da abin ya fi yawa a gidan da miji ke samun abin da zai riƙe kowa. Tallafin jihohi ya fara canza wannan: Arizona ta buɗe nata ga kowane yaro a 2022, kimanin dala 7,000 a shekara. Sai dai HSLDA da kanta tana ɗari-ɗari da kuɗin, tana ganin wanda ya karɓi na gwamnati wata rana zai karɓi sharaɗinta. Makarantun gwamnati kuma ana ba su kuɗi ne bisa yawan ɗalibai, don haka duk yaron da ya fita yana rage abin da ya saura wa waɗanda ba su da inda za su, alhali albashin malami da man motar makaranta ba su ragu ba.

A Najeriya, inda wasu iyalai a manyan birane suka fara gwadawa, har da amfani da littattafan ACE, matsayin doka bai fito sarari ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce kowane mahaifi ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala, shekara tara ke nan, da hukuncin da ke farawa daga jan kunne zuwa tara ko ɗauri, kuma ba ta ambaci karatun gida ba. Kiristocin Arewa sun san zafin rasa iko a kan makaranta, tunda gwamnatoci sun karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, amma hanyar da suka fi bi ita ce majami'u su buɗe sababbi. Iyalin da ya zaɓi gida zai ci karo da batun takarda: yaron da ba shi da makaranta sai dai ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, kafin ya nemi JAMB.